Wasiƙa zuwa ga Edita: Richard Descoings, ma'aikacin gwamnatin Faransa da ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar makarantar manya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, kai da dukkan ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira ya kuma kare mana ku. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana akan wani Bafaranshe da na san yawancin masu karatu basu taɓa jin sunansa ba. Na san a wannan lokaci da muke ciki duk wanda ya ambaci Faransa da wani abu da ba zagi ba sai a fara yi masa kallon ɗan kore, musamman tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 da ficewar sojojin Faransa daga ƙasar a ƙarshen 2023, kuma wallahi ni ma ina da nawa ƙorafin akan abun da Faransa ta yi a ƙasashenmu, ba kaɗan ba. Amma ni malamin Faransanci ne a sakandare, kullum ina tare da yara 'ya'yan manoma da 'yan tireda da masu tura baro waɗanda Allah ya ba su ƙwaƙwalwa amma hanya ta toshe musu, shiyasa labarin wannan mutumin yake taɓa ni, kuma nake ganin akwai abun dubawa a ciki ko da kuwa mutum baya ƙaunar ƙasar da ya fito.

Sunansa Richard Descoings, an haife shi a Paris a watan Yunin 1958, ya rasu ranar 3 ga Afrilun 2012 yana da shekara 53. Shi ne ya shugabanci makarantar nazarin kimiyyar siyasa ta Paris wadda ake kira Sciences Po daga 1996 har ranar da ya mutu, shekara 16 kenan.

To kafin a gane girman abun da ya yi sai an gane mece ce wannan makaranta a wajen Faransawa. An kafa ta ne a 1872, wani mutum mai suna Émile Boutmy ya kafa ta bayan Jamusawan Prussia sun lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, shi a ganinsa ba a fagen daga kawai aka ci su ba, an ci su ne tun a aji, don shugabanninsu basu da ilimin mulki da tarihi da tattalin arziki, sai ya ce to bari a gina wajen da za'a riƙa ƙera shugabanni. Daga baya ginin makarantar mai lamba 27 a titin Saint-Guillaume ya zama mashigar mulki a Faransa. A cikin shugabannin ƙasar, Pompidou ya bi ta nan, Mitterrand ya bi, Chirac, Hollande, Macron duk sun bi, kai har Paul Biya na Kamaru a nan ya yi karatu. A da, daga nan kuma masu son zama manyan ma'aikatan gwamnati sai su rubuta jarrabawar shiga ENA, makarantar horar da manyan jami'an mulki da Janar de Gaulle da Michel Debré suka kafa a 1945, wanda ya fito da sakamako mai kyau a can shi ke zaɓar ma'aikatar da yake so tun yana ɗan shekara ashirin da wani abu, kuma shikenan ya hau hanya har ritaya. 'Yan uwanmu na Nijar sun san wannan tsarin sarai don irinsa aka kwafo aka kafa a Yamai bayan samun 'yancin kai, kuma yawancin jakadu da masu ba shugaban Faransa shawara akan Afirka ta irin wannan hanyar suke fitowa, saboda haka wanda yake shiga makarantun nan da wanda aka hana shiga ba maganar Faransawa bace su kaɗai, yana shafar irin idon da ake kallonmu da shi.

Shi kansa Descoings ɗan cikin gida ne, ɗan masu hali, ya yi manyan sakandaren tsakiyar Paris, ya gama Sciences Po a 1980, ya shiga ENA ya fito a 1985, aka tura shi Conseil d'État, wato majalisar da take ba gwamnati shawara akan dokoki kuma ita ce babbar kotun da ake kai ƙarar hukuma, wajen da sai waɗanda suka zo na gaba gaba a aji ake ɗauka. Daga baya ya yi aiki a ofishin ministan kasafin kuɗi Michel Charasse, sannan ya koma wajen Jack Lang lokacin yana ministan ilimi a farkon shekarun 1990. A tsakanin nan yana koyarwa a tsohuwar makarantarsa, kuma shugabanta na lokacin Alain Lancelot, wani masanin kimiyyar siyasa da ya yi suna wajen nazarin zaɓe da dalilin da yasa mutane suke ƙin fita kaɗa ƙuri'a, shi ya jawo shi jiki ya mai da shi mataimakinsa. Da aka naɗa Lancelot a majalisar kare tsarin mulki a 1996 sai Descoings ya gaje shi, lokacin bai kai shekara 40 ba.

Irin wannan mutumin da tsarin ya yi wa komai, babu wanda zai yi tsammanin shi ne zai taɓa tsarin, ai da ya zauna ya ci albashinsa ya jira a bashi minista babu mai ganin laifinsa.

Abun da ya tarar shi ne, jarrabawar shiga makarantar a takarda kowa yana da damar rubutawa, babu wanda aka ce kar ya zo, amma in ka duba waɗanda suke ci kusan duk 'ya'yan manyan ma'aikata ne da likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, daga unguwanni sanannu, daga sakandare sanannu. Dalili kuwa a fili yake, tambayoyin irin na wanda ya tashi a gidan da ake karanta jarida kullum ne ana hirar tarihi da adabi akan tebur, ga kuma darussan share fage masu tsada da iyaye suke biya a lokacin hutu. Yaron da ya tashi a unguwannin bayan gari irin na yankin Seine-Saint-Denis, wanda babansa ya zo daga Mali ko Aljeriya ko Senegal yana shara ko gadi ko aikin gini, ko ma ɗan Bafaranshe fari ma'aikacin masana'antar da aka rufe a yankin Lorraine, shi bai ma san akwai wata makaranta mai wannan suna ba, in ma ya sani zuciyarsa ta riga ta gaya masa ba irinsu ake nufi ba. Wannan na ƙarshen shi yafi ciwo Malam Edita, don ina ganinsa a ajina, yaro mai kaifin basira ka ce masa ya nemi likitanci ko lauya sai ya yi murmushi ya ce Malam ai wannan na 'ya'yan wane da wane ne, tun kafin a kayar da shi ya kayar da kansa.

A 2001 sai Descoings ya fito da wata sabuwar hanya. Makarantar ta ƙulla yarjejeniya kai tsaye da wasu sakandare da suke yankunan da gwamnati da kanta ta ayyana a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman a harkar ilimi. An fara da sakandare 7 kacal, kuma ɗalibai 17 aka ɗauka a shekarar farko. Yadda abun yake tafiya shi ne malaman sakandaren ne suke tara yaran da suka nuna sha'awa su riƙa yi musu ƙarin darasi, kowane yaro ya zaɓi wani batu da ake magana akai a duniya ya bi jaridu na tsawon watanni yana tattarawa yana kwatanta abun da wannan jarida ta ce da abun da waccan ta ce, ya rubuta nasa sharhin, sannan ya tsaya gaban kwamiti a makarantarsu ya kare aikinsa, waɗanda suka tsallake kuma suka ci jarrabawar gama sakandare sai a kira su Paris su zauna gaban wani kwamitin na manyan malamai da manyan ma'aikata da shugabannin kamfanoni a yi musu intabiyu. Wanda aka ɗauka za'a bashi tallafin karatu, a taimaka masa da masauki da kuɗin littattafai, a haɗa shi da wanda zai riƙa bibiyar karatunsa, amma da zarar ya shiga aji to babu wani sassauci, darasi ɗaya, jarrabawa ɗaya, digiri ɗaya da ɗan minista.

Kai, ranar da aka sanar da wannan abu kamar an taɓa gidan rina. Wasu tsofaffin ɗalibai suka ce za'a zubar da darajar takardarsu, wasu suka ce wannan kwaikwayon Amurka ne kuma ya saɓa wa ƙa'idar jamhuriya da ta ce kowa daidai yake a gaban jarrabawa, wasu kuma ta ɓangaren masu ra'ayin sauyi suka ce ai wannan sadaka ce kawai, a tsinci yara goma sha a bar dubbai a cikin rami. Sai da majalisar dokoki ta yi doka a watan Yulin 2001 da ta ba makarantar ikon tsara hanyar ɗaukar ɗalibanta, sannan wata ƙungiyar ɗalibai ta masu ra'ayin riƙau mai suna UNI ta kai ƙara kotu, aka yi ta shari'a har kotu ta sa aka gyara wasu sharuɗɗan a 2003, amma tsarin bai mutu ba. Wani abu da ya kamata a lura da shi, tsarin mulkin Faransa bai yarda a bambanta mutane ta launin fata ko asali ko addini ba, shiyasa bai ce a ɗauki baƙaƙe ko Larabawa ko Musulmi ba, cewa ya yi a duba unguwa da makarantar da yaro ya fito, duk wanda yake wannan makarantar yana da dama ko wane ne ubansa. Da tarzoma ta ɓarke a unguwannin bayan gari a ƙarshen 2005 bayan mutuwar wasu samari biyu a Clichy-sous-Bois da suka ɓuya a tashar wutar lantarki suna gudun 'yan sanda, mutane da yawa da suka zage shi a baya sai suka fara cewa ashe mutumin nan ya hango abun da bamu hango ba. Daga sakandare 7 abun ya yi ta faɗaɗa har ya haura 100, kuma binciken da aka yi bayan shekara 10 ya nuna yawancin yaran sun kammala karatunsu sun kuma samu aiki kamar sauran abokan karatunsu, duk da cewa shekarar farko tana basu wuya sosai.

Ba wannan kaɗai ya yi ba. Ya mai da karatun shekara 5 maimakon 3, ya wajabta wa kowane ɗalibi ya yi shekararsa ta uku a wata ƙasa, ya buɗe rassa a wasu garuruwa kowanne da yankin duniyar da yake nazari, Nancy a 2000 don ƙasashe masu jin Jamusanci, Dijon don gabashin Turai, Poitiers don Latin Amurka, Menton a 2005 don Gabas ta Tsakiya, Le Havre don Asiya, Reims a 2010 don Amurka ta Arewa, sannan gab da rasuwarsa aka fara wani shiri na musamman akan Afirka wanda yanzu yake a Reims ɗin. Kuɗin makaranta kuma ya sa aka ɗora shi akan samun iyaye, mai kuɗi ya biya da yawa, talaka kar ya biya ko sisi, wannan ma sai da ɗalibai suka yi masa bore akai. A 2009 bayan 'yan sakandare sun cika tituna sun tilasta wa gwamnati janye gyaran da minista Xavier Darcos ya kawo, shugaba Sarkozy shi ya ɗauko ya ce ya nemo mafita, mutumin nan ya riƙa zagaya ƙasar makaranta makaranta yana zama da yara da malamai da iyaye yana sauraronsu kafin ya miƙa rahotonsa a watan Yuni. Ɗalibansa Richie suke ce masa, yana hira da su a Facebook kai tsaye a lokacin da manya irinsa suke ganin hakan zubar da girma ne.

Amma fa ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don in na ɓoye na ci amanar masu karatu. A ƙarshen 2011 jaridar intanet ta Mediapart ta tona irin maƙudan kuɗin da shi da manyan muƙarrabansa suke raba wa kansu da sunan bonas, a makarantar da kaso mai yawa na kuɗinta daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Bayan mutuwarsa kotun da take binciken yadda ake kashe kuɗin gwamnati ta fitar da rahoto a watan Nuwamban 2012, ta ce abun da yake ɗauka a shekara ya haura Yuro dubu 500 a 2010, nesa ba kusa ba da abun da shugaban jami'ar gwamnati yake samu, ta yi maganar katin banki na ofis da ake kashe kuɗi da shi babu cikakken lissafi, da wani rance mai haɗari da aka ciyo daga bankin Dexia, da yadda majalisar da ya kamata ta sa masa ido ta zuba masa ido kawai. Matarsa ma tana cikin manyan shugabannin makarantar a lokacin. Wannan abu ya ɓata min rai matuƙa, saboda duk wanda ya ɗauko yaƙin talaka to ya san maƙiya suna jiran ya yi tuntuɓe ne, kuma in ya faɗi ba shi kaɗai zai ji ciwo ba, yaran da ya shigo da su za'a fara nunawa da yatsa. Mutum ne da ya tara iko a hannunsa shi kaɗai tsawon shekara 16, kowa yana tsoron ce masa a'a saboda ana ganin nasarar da yake kawowa, kuma ko mutum ya kai wa kyawun niyya in babu mai iya ce masa tsaya haka to ƙarshenta kenan.

A cikin wannan guguwar ya tafi New York halartar wani taron shugabannin jami'o'i, da safe ba'a ganshi a wajen taro ba, aka je aka tarar da gawarsa a ɗakin otal, daga baya likitocin birnin suka tabbatar ciwon zuciya ne. A daren ɗalibai suka taru a ƙofar makarantar da furanni da kyandir suna kuka, cikinsu har da yaran unguwannin nan da ba don shi ba da ko ƙofar basu sani ba.

Sukar da aka yi masa cewa yara kaɗan ya ceto gaskiya ce, sakandaren unguwannin talakawa har gobe suna fama da ƙarancin ƙwararrun malamai, kuma an lura cewa a cikin waɗanda suke cin moriyar shirin akwai 'ya'yan masu ɗan rufin asiri da suke zaune a unguwannin, ba duka ne 'ya'yan talaka tilis ba. Amma duk da haka maganar da ya tayar bata kwanta ba, wasu manyan makarantun suka fara nasu shirye shiryen, Sciences Po ta soke rubutacciyar jarrabawar shiga a tsarin da ta fara a 2021, ita kuwa ENA shugaba Macron wanda shi kansa ɗalibinta ne ya rufe ta bayan zanga zangar masu riguna ruwan ɗorawa, aka maye gurbinta da wata sabuwar cibiya a watan Janairun 2022, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne dai wancan, cewa 'ya'yan gida ɗaya ne suke ta gadon mulkin ƙasa.

Abun da yasa na dage sai na rubuto shi ne, mu ma a Najeriya muna da namu tsarin, a jami'o'in tarayya ana ware kashi 45 na gurabe don cancanta, 35 don yankin da jami'a take, 20 don jihohin da aka ce an bari a baya a ilimi, kuma yawancin jihohin namu ne na Arewa. Ni ina goyon bayan wannan kason, ban yarda da masu cewa a soke shi ba. Amma tambayata wa yake cin gurbin? Sau da yawa ɗan babban mutum ne da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, ranar cike fom ɗin JAMB kawai yake tuna sunan ƙaramar hukumarsu, shi kuwa yaron ƙauyen da aka yi kason dominsa yana can ajin da babu malamin lissafi babu na kimiyya, ko kwamfutar da zai rubuta jarrabawar da ita bai taɓa taɓawa ba. Descoings makaranta ya duba ba takardar shaidar asalin jiha ba, ya tura mutanensa can tun yaro yana sakandare, ya sa malaman yaron a cikin aikin, sannan bayan an ɗauke shi ba'a sake shi ya nitse ba. Mu kuwa sai mu rage maki mu ce mun taimaka, yaro ya shiga aji ɗaya a jami'a Turanci ya kayar da shi a kore shi, a dawo ana cewa ai dama 'yan Arewa basa iyawa. Babu abun da zai hana jami'a kamar ta Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Danfodiyo, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ta zaɓi sakandaren gwamnati 7 a ƙauyuka ta ce waɗannan namu ne, malamanmu za su riƙa zuwa, za mu zaɓi yara mu riƙe su har su gama, kuɗin da za'a kashe bai kai na bikin yaye ɗalibai guda ɗaya ba a ganina.

Malam Edita ina roƙonka ka tura wakilanka su tambayi shugabannin jami'o'inmu, a cikin yaran da aka ɗauka ta kason jihohin da aka bari a baya nawa ne suka fito daga sakandaren gwamnati ta ƙauye, kuma nawa ne suka kai ga karɓar digiri, ku buga mana amsar da suka bayar, wanda ya ƙi amsawa shi ma ku faɗa mana. Ɗalibaina masu karanta wannan jarida kuma da sauran matasa masu jin Faransanci ko Turanci, ku sani makarantar nan tana da tallafin karatu mai sunan Émile Boutmy na ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, akwai kuma na gidauniyar Mastercard da aka ware wa 'yan Afirka, ku shiga shafinsu ku karanta sharuɗɗan da kanku kar ku ba kowa ko kwabo da sunan zai nema muku.

Na gode da wannan fili da ka bani, Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
wani malamin Faransanci daga Katsina